Tsofaffin Makabartun Zariya: Wani Gyaran Ya Fi Sakaci Ɓarna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan tsofaffin makabartunmu na Zariya da irin gyaran da ake yi musu.

Kowace shekara da zarar ruwa ya ɗauke, sai a yi sanarwa a masallatai cewa ranar kaza za a fita gayyar makabarta. Matasa su fito da adduna da ashana da jarkar feshi, kafin azahar an share wuri fes, an ɗauki hotuna an sa a Facebook. Niyya mai kyau ce, Allah Ya ba da lada. Sai dai masu haƙar kabari sun sani, mu ma da muke hulɗa da su mun sani, yawancin kaburburan da ke ruftawa a watan Agusta tun a wannan rana ta gayya aka jawo musu. Abin da tsohuwar makabarta take da shi wanda sabuwa ba ta da shi, wato inuwa da natsuwa da sanin wane ne ke kwance a ina, shi ne abin da irin wannan gyara yake fara cinyewa.

Mai son ya gane abin da ake asara ya shiga ɗaya daga cikinsu tsakanin fitowar rana da hantsi. Ya yi wa mai gadi magana, ya yi sallama ga mazauna wurin kamar yadda sunna ta koyar, ya bi hanya kada ya ratsa ta kan kaburbura. A cikin birni yau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya a sami wani fili mai faɗi da ba a yanka shi fuloti-fuloti ba. Makabarta ce kusan kaɗai ƙasar da aka bari ta huta shekara da shekaru, ba garma ba harsashin gini. Shi ya sa itatuwan da suka ƙare a unguwa suke nan da ransu a cikinta. Zariya garin rimi ce, sunan unguwa irin Rimin Tsiwa ma ya isa shaida, amma yaro nawa ne a yau ya taɓa tsayawa a gindin rimi ya ga yadda saiwoyinsa suke tashi kamar bango? Da hunturu yake fure, da dare, jemagu su yi ta shawagi a kansa, da bazara kuma kwansonsa ya fashe audugar ta bi iska ta sauka a kan kaburbura fari fat. Kuka tana tsaye tsirara duk rani. Gawo shi kuwa nasa daban ne, ya zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe. A nan kurciya take kuka ba mai jifanta, cilakowa ta wuce, shamuwa kuma ta sauka a kan dogon itace gab da faɗuwar ruwa. Wanda ya je ziyarar mahaifinsa ya sami inuwar tsamiya zai tsaya ya yi addu'a a tsanake. Wanda ya tarar da fili ƙwal, rana na dukan ƙeya, toka na tashi, fatiha ɗaya zai yi ya juya.

Ƙasar kanta tana ba da labari ga mai lura. Kabarin Musulmi a nan kai kudu ne, ƙafa arewa, mamaci a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. To alƙiblar Zariya ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, wajen digiri 67 idan aka ƙirga daga arewa. A ƙarshen watan Yuni rana tana ɓullowa kusan daidai da wannan wuri, amma zuwa Disamba ta koma gabas maso kudu da tazarar da ta kusa digiri 50. Mai haƙan da ya dogara da mafitar rana kawai, kabarin da ya haƙa da damina da wanda ya haƙa da sanyi ba za su jeru ba, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa ka ga layi a tsohon sashe ya taho ya lanƙwasa ya shiga cikin wani. Maganinsa ba ya cin ko kwabo. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye a saman Ka'aba. A daidai wannan lokaci a kafa sanda a miƙe a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja igiya bisa inuwarta. Wanda ya tsaya a kan inuwar ya fuskanci sandar, alƙibla yake kallo. A kafa turaku biyu na dindindin a kan wannan layi a kowane sashe, masu haƙa su riƙa ɗaukar ma'auni daga gare su.

Haka idan ka ga gajerun kaburbura sun taru wuri guda, tudunsu ya kwanta lokaci ɗaya, to wata shekara ce ta ƙyanda ko sanƙarau, irin 1996 da annobar sanƙarau ta ratsa Arewa. Tsingaron tukunya da ke leƙowa daga ƙasa kuma ba shara ba ne. Sau da yawa shi ne abin da ya rage na rufin wani kabari, ko alamar da dangi suka kafa a wajen kai. Masu gayya suna tsince su su tara a gefe wai suna tsaftace wuri, daga ranar kuma kabarin ya ɓace.

Sai an san yadda kabari yake a ciki sannan za a gane abin da ke rusa shi. Rami biyu ne. Akwai uwar, mai faɗi, wadda ake haƙawa bisa tsawon karan da aka auna mamaci da shi, a ƙara kaɗan. A tsakiyarta ake yanka ɗan, siriri, faɗinsa bai wuce abin da zai karɓi mutum a kan gefensa ba, zurfinsa wajen kamu guda. Gefe da gefe ana barin kafaɗa, kuma a kan wannan kafaɗa ake jera itace ko fasassun tukwane, a toshe ƙofofi da ganye, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura busasshiya a tayar da tudu kamar taki ɗaya. Duk nauyin ƙasar nan yana kan abu biyu ne: kafaɗa da abin rufi. Idan mai haƙa ya yi sauri ya bar kafaɗar da ba ta kai tafin hannu ba, ruwan farko zai ɓantare ta. Idan kuma aka rufe da itace mai taushi, irin reshen rimi ko zogale ko ɗanyen malaina, gara za ta gama da shi kafin damina biyu. Ƙirya da azarar giginya su ne masu daɗewa, marke ma ba laifi, sai dai sun yi tsada kuma sun yi wuyar samu. Malamanmu na Malikiyya sun fifita ɗanyen tubali a kan katako wajen toshe kabari, kuma ƙasar Zariya ta tabbatar da hikimar haka, domin gara ba ta cin tubali, ba ta cin tukunya. Inda za a yi amfani da itace dole, a yanka shi ya zarce bakin ɗan kabari da aƙalla taki guda kowane gefe, a jera shi ƙut da ƙut.

Ko da an yi komai daidai, kabari zai zauna, wannan ɗabi'ar ƙasa ce. Abin da ake so shi ne a cike shi kafin ya zama kwari mai tara ruwa. Mai cikon ya tsaya a kan hanya ko a tsakanin kabari da kabari, kada ya hau, saboda haramcin mamaci da kuma tsaron ƙafarsa, don ƙasar da ta rufta sau ɗaya tana iya sake zurmawa da mutum har gwiwa. Ya fara duba ramin. In zama ne kawai, a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a danna da bayan shebur, ba da ƙafa ba. Kabarin babba yakan ci baro huɗu zuwa biyar kafin tudunsa ya dawo. In kuwa rami ya buɗe har ana hangen ciki, wannan ba aikin samari ba ne. A rufe da tabarma, a kira masu haƙa su sake jera abin rufi su shafe da laka, sannan a tura ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kankaro ƙasar ciko daga gefen kabarin. Wanda ya yi haka ya gyara ɗaya ya haƙa wa biyu tafki. Ƙasar ciko daga waje ake kawo ta, jar ƙasa marar yashi da yawa, a jibge tifa ɗaya ko biyu a bakin ƙofa tun watan Afrilu, kafin hanya ta yi caɓi mota ta kasa shiga.

Masu zuba siminti su yi wa kabarin nasu daɓe suna ganin sun huta. Ban da cewa malamai sun karhanta gini a kan kabari, dabarar ba ta ma yin aiki. Ruwan da ya sauka a kan daɓen yana gangarawa ne kan maƙwabta ya zaizaye su, ƙasan daɓen kuma tana ci gaba da zama ba mai gani, har ya tsage ya bar kogo. A irin wannan kogo gafiya take shiga, bayanta kuma maciji.

Yanzu ga maganar ciyawa, wadda ita ce tushen rigimar. Zariya tana samun ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Abin da ke riƙe tudun kabari a ƙarƙashin wannan ruwa saiwar ciyawa ce. Maganin feshi yana kashe ta har saiwa, ya bar ƙasa tsirara, ruwa ya zo ya wanke tudun ya mayar da shi daidai da hanya. Tugewa da hannu ko kaftu da fartanya a kan kabari ma haka ne. Ciyawar makabarta yanka ta ake yi da lauje, a bar mata kamar yatsu huɗu daga ƙasa. Sau biyu ya wadatar: a tsakiyar Yuli kafin gamba da ƙyasuwa su fi ƙarfin mutum, sai kuma farkon Oktoba kafin su zubar da iri. Tafasa da rai-ɗore da tumfafiya a sare su daga gindi. Hanyoyi kaɗai ake nomewa ƙal, kuma a nan ne feshi yake da wuri in an ga dole. Mai yanka ya sa takalmi mai rufi, ya riƙa buga sanda a gabansa, don kasa ba ta gudu kamar sauran macizai, kwanciyarta take yi har a taka ta. Ciyawar da aka yanka a fitar da ita waje a ranar, masu dabbobi za su karɓa da murna.

Wuta kuwa ba ta da wani uzuri ko kaɗan. Tana ƙone allunan katako, ta babbake fentin na ƙarfe, ta kashe kowane ƙaramin itace da aka dasa. Manyan ma ba ta bar su ba: tana cin ɓawon gindi shekara bayan shekara har ta yi kogo, wata rana iskar farkon damina ta kayar da itacen a kan kaburbura ashirin. Kuma ba kullum masu gayya ne ke sa ta ba, wani lokaci daga gonar maƙwabta take tsallakowa, ko yara masu farautar gafiya. Saboda haka a watan Nuwamba a nome fili mai faɗin mita uku a kewaye ta ciki, a kuma share busasshen ganye daga gindin kowane babban itace.

Katanga abin so ce, tana hana awaki da masu yanke hanya da masu cin iyaka. Amma katangar da ba a bar mata rariya ba madatsar ruwa ce. Ruwa ya taru a kusurwar da ta fi gangare, ya jiƙa kaburburan wurin, daga baya ya tura bangon ya faɗi, a ce wai bulo ne ba shi da kyau. Kafin a sa harsashi a zo a tsaya lokacin da ake tsuga ruwa a ga inda yake bi. A bar rariya a kowane mita uku a ɓangaren gangare, a sa mata ƙarfe don kare da akuya, a tsayar da ginshiƙi a kowane mita uku shi ma. Inda ruwa ya riga ya fara yanka kwazazzabo a ciki, a jera duwatsu a gicciye a dasa jema a bayansu. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai ba ta yaɗuwa gefe. Unguwar da ba ta da kuɗin bulo ta dasa cin-da-zugu kusa da kusa a farkon damina, akuya ba ta cinsa. Sashen da ruwa ke kwanciya, musamman makabartun da ke gangaren Kubanni da sauran rafuka, a daina haƙa a cikinsa, a mayar da shi wurin itatuwa. Rijiya ko burtsatsen da ake haƙawa a cikin makabarta sadaka, ruwansa na kwaɓa ƙasa ne da ban-ruwan shuka, a rubuta haka a jikinsa. A Ingila ƙa'idar ita ce mita 250 tsakanin kabari da rijiyar da ake sha, mu kuwa sai ka ga yara na layi da jarkoki a famfon da ke taku goma daga kaburbura.

Dashen itace a bi katanga da manyan hanyoyi, a bar mita uku daga bango, ba a tsakanin kaburbura ba. Ceɗiya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana fasa gini, sai wuri mai sarari. Tsamiya da maɗaci da kanya sun fi dacewa. A dasa a ƙarshen Yuni in ruwa ya zauna, a yi keji, a ba da ruwa sau biyu a mako a rani biyun farko. Darbejiya ita ba ta jiran a dasa ta, tsuntsaye ne ke yar da ƙwallonta a kan kaburbura. Wadda ba ta wuce taki ba a cire ta bayan an yi ruwa. Wadda ta yi kaurin hannu kada a tuge, saiwarta ta riga ta shiga ɗan kabari. A sare daidai ƙasa, a riƙa karya tohon har ta gaji. Manyan da aka gada kuwa busasshen reshe kawai ake cirewa, da rani. Kwamitin da ya sayar da rimin makabarta ga masu katako don ya sayi siminti ya yi garin neman gira ya rasa ido. Duk wannan ya shafi makabartun 'yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari, gara da ruwan Agusta ba sa tambayar addinin kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne sunaye. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, da Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, har gobe ana iya zuwa can a nuna wa mutum kabarinsa, saboda an kiyaye wurin. Amma Bazazzagi nawa ne zai iya nuna na kakan mahaifinsa, wanda ke kwance a bayan unguwarsu? Garin da ke da gidajen ilimi irin na Kona da Juma, malamai da alƙalai da magina da marina nawa ne ke kwance ba wanda ya san gurbinsu sai wani tsoho ɗaya mai haƙa? Allon ƙarfe ba ya magance wannan: fentinsa yana kwashewa cikin damina biyu zuwa uku, wanda ya tsira kuma 'yan jari-bola su cire. Ga kuma saɓanin malamai a kan rubutu a jikin kabari. Sanya alama dai yana da asali, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a wajen kan kabarin Usman ɗan Maz'un don a gane shi.

Hanyar da ba ta taɓa wannan saɓani ita ce a sa lamba a ƙasa, suna a littafi. A raba makabarta sashe-sashe bisa hanyoyin da ke cikinta. A bakin kowane layi a kafa guntun turken kankare, a zana lambar da ƙusa tun simintin yana ɗanye, don abin da aka zana ba ya goguwa kuma ba mai sayensa a kilo. A sami babban littafi mai ƙaƙƙarfan bango a riƙa rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da unguwa, da ranar rasuwa ta Hijira da ta Miladiyya, da sashe da layi da kuma na nawa ne a layin idan aka ƙirgo daga turke. Laƙabin nan kada a raina shi, Muhammadu ɗan Abdullahi sun fi a ƙirga. Littafin ya zama biyu, ɗaya wurin mai gadi a cikin akwatin ƙarfe saboda gara, ɗaya wurin liman ko mai unguwa, kuma duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan da waya.

Na sababbi ke nan, mai sauƙi. Na tsofaffi sai an bi dattawan masu haƙa da tsofaffin unguwa, a zaga da su da safe, sashe ɗaya a rana don kada a gajiyar da su, wani na rubutu wani na naɗar murya. Abin da mutum biyu suka haɗu a kai a rubuta shi tabbas, wanda aka saɓa a rubuta duka maganganun biyu da sunan wanda ya faɗa. Tsofaffin mata ba a barinsu a baya, ko da a gida za a same su, su ne suka riƙe wa ya riga wa da shekarar da abin ya faru. Wannan rajista tana da wani amfanin: a fiƙihunmu kabari hubusi ne, wato wurin da aka keɓe wa mai shi ba a taɓawa, muddin akwai sauransa a ciki, kuma makabartar da ba a san shekarun sassanta ba ita ce ake kai diga a ci karo da ƙashi.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai da kwamitocin makabartu a ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari shi ne a raba gayyar nan gida huɗu maimakon rana ɗaya: ƙasa da ciko a Afrilu, yankan ciyawa a Yuli da Oktoba, sharar kewaye a Nuwamba. A sa mai haƙa ɗaya a gaban kowace ƙungiyar matasa, kuma abin da ya ce a bari a bari. Masu hannu da shuni da ke tambayar abin da za su kawo, a ce musu lauje da baro da tifar ƙasa da tukwane, da kuma ɗan albashin wata-wata ga mai gadi da masu haƙa, waɗanda yawancinsu abin da dangin mamaci suka miƙa musu kawai suke dogaro da shi. Zagayen dattawa kuwa a fara shi a wannan ranin.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kwamitin makabarta,
Birnin Zariya.